Daga Serti Zuwa Gembu: Wuni Guda a Kan Hanyar Mambila

Mu Hausawa matafiya ne tun kaka da kakanni, amma ba ma tafiya sai da dalili: biki, ta'aziyya, fatauci, neman ilimi, ko sauke farali. Ka ce wa maƙwabcinka za ka loda iyali a mota ku nufi wata jiha, sai ya tambaye ka wa ya rasu, ko wa ake aurarwa. In ka ce babu ko ɗaya, duwatsu kawai za ku je gani, zai ce Allah ya kiyaye hanya, amma a ransa ya gama lissafin man da za ka ƙona a banza. Irin kallon da aka yi mini ke nan da na ce a dogon hutun makaranta zan kai uwargida da yara tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba.

Daga Gombe muka tashi, muka bi ta Numan da Jalingo da Bali, muka kwana a Serti. Wannan ɓangaren ba shi da labari, gajiya ce kawai da shingayen jami'an tsaro. Abin da ya cancanci a rubuta shi ne washegari, wunin da muka yi tsakanin Serti da Gembu.

Ga wanda bai san wurin ba, Mambila wani shimfiɗaɗɗen tudu ne a kudu maso gabashin Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsayinsa daga doron teku ya kai kimanin mita 1,600, wato ya ɗara tudun Jos. Gembu ce babban garinsa, kuma hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Serti kuwa tana ƙasa, a nan ne ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya, don ya haura murabba'in kilomita 6,000. A ƙuryarsa ne, can bakin iyaka, dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowacce a ƙasar nan. Ba mu je can ba. Wannan tafiyar masu ƙafa ce da 'yan rakiya, ba ta mai 'ya'ya ƙanana ba.

Rigimar farko da safen nan a kan kula aka yi ta. Uwargida ta yi shirin tafiya irin na matan Hausawa: dambun nama, soyayyar kaza, cincin, yaji a kwalba, har da gari da ƙuli ko da za a shiga wani hali. Ba na raina wannan tanadi, ya sha fitar da mu kunya. Amma na lura da wani hali namu: Bahaushe zai ratsa jihohi uku bai sa abincin kowa a bakinsa ba, ya dawo gida yana cewa ai mutanen can ba su iya girki ba. Sai na roƙi alfarma, a bar kular a rufe har mu isa Gembu, yau abin da mutanen hanya ke ci shi za mu ci.

"To, Malam," in ji ta, "in cikin yaran nan ya ɓaci, kai za ka yi jinya."

Na ce na ɗauka.

Daga Serti zuwa Mayo Selbe hanya ce ta daji, ga zafi mai ɗanɗano, ga duwatsu suna ta matsowa ta gaba har ka rasa ta inda mota za ta ɓulle. Mayo Selbe ce gindin hawan, kuma duk direban kirki yana tsayawa a nan ya duba ruwan lagireto da man birki. A wurin mai shayi na haɗu da wani dattijon direba da ke jigilar fasinja a hanyar. Ya dubi motata, ya dubi lambarta, ya dube ni.

"Alhaji, ka taɓa hawa?"

Na ce ban taɓa ba.

"Hawa ba ya kashe mutum," in ji shi, "saukowa ce abin tsoro. Amma tun daga yanzu ka koya. Ka bar mota a lamba biyu, in ta yi nauyi ka koma ɗaya. Kowace kwana ka danna oda tun kafin ka shige ta. In ka ga babbar mota na gangarowa, ka raɓe ka ba ta hanya, kada ka ce kai ke da gaskiya. Ranar da za ka sauko kuma, ka bar giya ta riƙe maka mota, kada ka ɗora ƙafa a birki ka manta da ita."

Maganarsa ta ƙarshe tana buƙatar bayani, don da yawanmu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka koyi tuƙi, inda birki na tsayawa ne kawai. Birki yana aiki ne ta hanyar goga, goga kuma zafi take haifarwa. A doguwar gangara, in direba ya dinga taka shi ba hutawa, ƙarfen da takalmin birkin sukan yi zafi har su daina kamawa, wani lokacin man birkin ma ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse ba abin da ya riƙe. Ƙaramar giya kuwa tana sa injin da kansa ya danne gudun motar, birki ya sami sararin hucewa. Masu motar da ba ta da kuloci su ma suna da ƙaramar giya a jikin sandar, yawanci da alamar L ko lamba 2, sai dai wasu har su sayar da motar ba su taɓa kai hannu wurin ba.

Muka yi bisimilla muka kama hawa.

An sassaƙe hanyar ce a jikin dutse. Ta hannu ɗaya bango ne na jar ƙasa da duwatsu, ruwa na tsattsafowa daga jikinsa, ta ɗaya hannun kuma kwazazzabo ne wanda in ka leƙa sai ka hangi kan bishiyoyi a ƙarƙashinka. Kwana na bin kwana, kafin ka gama miƙe sitiyari wata ta iso. Akwai wani sashe da ake kira Hawa Biyu da Sisi. Mutanen wurin sukan ce sule biyu da sisi ne ladan ɗan dakon da ke hawa da kaya a ka kafin a yi hanyar mota. Da na ji yadda injin ke gurnani a lamba ɗaya, sai na ce lallai an cuci ɗan dakon nan.

A cikin mota kowa da halin da ya shiga. Uwargida ta kama salati ƙasa-ƙasa, idonta a kan gilashin gaba, ta ƙi kallon gefen rami. Babban ɗanmu ya ajiye waya da kansa, abin da faɗa da nasiha suka kasa sa shi yi duk tsawon hutun. Auta kuwa ya dafe kunnuwa ya ce, "Abba, kunnena ya toshe." Na ce ya haɗiye yawu, ko ya yi hamma. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, don haka in mutum ya hau da sauri, iskar da ke cikin kunnensa sai ta dinga turo fatar kunnen waje, haɗiyar yawu ce ke buɗe 'yar hanyar da ke tsakanin kunne da maƙogwaro, iska ta daidaita. Aka ba shi alawa ya tsotsa, magana ta ƙare. Yayarsa ce ta fi shan wuya, jiri ya kama ta da tashin zuciya, sai da muka mayar da ita kujerar gaba, aka sauke gilashi, aka ce ta riƙa kallon nesa.

A wata kwana muka yi kiciɓis da gingimari shaƙe da katako tana gangarowa, tafiyarta ba ta fi ta mai ƙafa ba, warin birkinta ya cika wurin. Yaron motar na tafe a gefenta riƙe da waigi, ko da za ta ƙwace. Na raɓe jikin bango kamar yadda aka umarce ni. Direban ya ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga masa. A hanyar nan ba a gardamar wa ya riga wa.

Can sama sai gajimare ya sauko mana. Ba hazon hunturu ba ne mai ƙura, farin tururi ne mai sanyi da laima, yana shigowa ta taga yana jiƙa gashin hannu. Na kunna fitila, na rage tafiyar da dama ba ta da sauri. Auta ya miƙa hannu waje wai zai damƙo wa kakarsa tsaraba. A wurare biyu ko fiye mun tarar ƙasa ta zaftaro ta cinye rabin kwalta, an jera duwatsu da rassan itace don gargaɗi. Wannan ita ce illar zuwa da damina, kuma damina a Mambila doguwa ce, takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba.

Ba ka sanin ka gama hawa sai ka ga bangon dutsen ya ɓace. Kafin mu shiga Maisamari gajimaren ya yaye, ƙasa ta buɗe. Tuddai ne masu santsi iya ganinka, kamar an kife ƙore a jere an lulluɓe su da koren mayafi, ba ƙaya, ba kututture, sai ciyawa da shanu. A cikin kwaruruka kuma ga dogayen itatuwan turare, waɗanda asalinsu daga Ostareliya ne, aka kawo su nan suka karɓi ƙasar, su ne katakon da manyan motoci ke saukowa da shi. Na tsayar da mota muka fito. Minti biyu ba a yi ba uwargida ta buɗe but tana neman rigunan sanyi. Da safe muna gumi a Serti, ga shi kafin azahar haƙora na haɗuwa. Ƙa'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da digiri 6 ko fiye kaɗan.

Wannan sanyin shi ne arzikin wurin. Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ba ya jure shi, shi ya sa Fulani suka hauro da garkunansu cikin ƙarnin da ya wuce suka zauna daram. Abin da zai ba mutumin Arewa mamaki shi ne shinge: makiyaya a nan da yawa a kewaye take da waya mai ƙaya, kowane tudu da mai shi. Ba a rasa rikici a kan wannan ƙasa tsakanin makiyaya da manoma ba, na 2017 ya yi muni ƙwarai, kuma baƙo mai hankali ba ya buɗe wannan zance a teburin mai shayi.

Abincinmu na farko a bakin hanya muka same shi, wurin wata Bafulatana da ƙwaryarta. Kindirmo ne mai kauri wanda sai ludayi ya yanka shi, ga sanyi ba tare da firji ba. Ba ta jin Hausa sosai, mu kuma Fulatancinmu bai wuce gaisuwa ba, don a kan tudun nan Fulatanci ne harshen kasuwa tsakanin Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu da sauransu. Da yatsu aka yi ciniki. Kusa da ita wani yaro na sayar da fiya da ayaba. Fiyar da muke saye ɗaya-ɗaya a gida da tsada, mu yanka ta a raba wa mutum huɗu, a nan tuli ake kasa ta. Muka zauna a kan ciyawa da wuƙa da ɗan gishiri da burodin Serti. Wannan bai zama baƙon abinci ba tukuna, amma ya sassauta wa uwargida zuciya.

Mun wuce mararrabar dajin Ngel Nyaki, ɗan ragowar kurmin kan tudu inda har yanzu akwai biran cimfanzi kuma masu bincike ke aiki, ba mu tsaya ba. A hanya muna ta gamuwa da tsofaffin motocin Land Rover, waɗanda a wasu wurare sai a gidan tarihi, a nan kuwa su ne ke shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, an labta musu buhunan masara da mutane har kan rufi.

A Nguroje muka yi sallah, muka haɗa azahar da la'asar, ƙasaru. Ruwan alwalar kaɗai ya isa ya sa ka tuna garin nan yana cikin mafiya sanyi a kan tudun. Daga masallaci na tambayi wani inda ake cin abincin gari, ba shinkafa da miya ba. Ya nuna mini wata rumfar katako da hayaƙi ke fita ta bayanta.

Mai abincin 'yar ƙabilar Panso ce, mutanen da asalinsu ke yankin Banso a arewa maso yammacin Kamaru. Abin da ke wuta ranar nan tuwon masara ne da kumbi da kati-kati. Uwargida ba ta zauna ba sai da ta yi tambayar da ke cin ta.

"Mama, don Allah kada ki ji haushi, wa ya yanka kazar?"

Matar ta yi dariya. "Hajiya, kullum sai an tambaye ni. Ga malamin da ke yanka mini can, mai shagon nan. In kina so a kira shi."

Ba a kira shi ba. Na kawo wannan ne don masu cewa tsoron haram ke hana su cin abincin wasu. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta wadatar, kuma masu sayar da abinci a garin da Musulmi ke da yawa sun riga ka sanin amsarta.

Kumbi ganye ne, ɗan'uwan gautan kaji, wanda a Kamaru ake kira njama-njama. Ba miya ake yi da shi ba irin yadda muke kaɗa kuka ko kuɓewa. Tafasa shi ake yi sama-sama, a matse ruwan, sannan a soya da albasa da tumatir da attaruhu da ɗan mai, ya fito a dunƙule, kore shar, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Kati-kati kuwa kaza ce da ake fara gasawa a kan harshen wuta har fatarta ta ɗauki hayaƙi, sai a sassara ta ƙanana, a mayar tukunya da manja da gishiri da ɗan yaji ta ƙarasa nuna a hankali. Ba tumatir, ba tarkacen kayan ƙamshi. Daɗinta duk daga hayaƙin nan ne da manjan. Tuwon ya fi namu laushi, ana gutsuro shi a haɗa da ganyen, a dangwali man kazar.

Babban ɗanmu ya cinye nasa ya nemi ƙari. Yayar Auta, da cikinta bai gama kwanciya ba, tuwon kawai ta ci da romon. Auta ya ɗanɗana kumbi ya yamutsa fuska ya ce magani ne, ya koma kan kaza. Uwargida ta ci loma uku shiru, sannan ta tashi ta zagaya bayan rumfar. Da na leƙa na same ta tsugune gaban murhu, ita da mai abincin suna ta bayani, rabi da Hausa rabi da hannu, a kan yadda ake matse ganyen da lokacin da ake zuba manja. A nan ne matar ta yi mata ƙorafin da duk mai girki a kan tudu ke yi, wai wake ba ya jin wuta. Gaskiyarta ne. A wannan tsayin ruwa na tafasa ne tun yana wajen digiri 95 maimakon 100, don haka tukunya na ta ɓararraka amma zafinta bai kai na ƙasa ba, dole girki ya ƙara lokaci ya ƙara cin itace.

A ganina wannan tsugunon shi ne ribar tafiyar. Yaranmu suna haddace sunayen jihohi 36 da manyan biranensu don cin jarrabawa, amma ba su taɓa ganin uwarsu na koyon girki wurin matar da ba yarensu ɗaya ba.

Da yamma muka ratse daga babbar hanya zuwa Kakara, inda gonar shayin da ake sayarwa da sunan Highland Tea take, wadda aka fara tun cikin shekarun 1970. Mu da ba ma karyawa sai da shayi, yawancinmu ba mu taɓa ganin itacensa ba. Gajere ne, iya ƙugu, ba don haka Allah ya yi shi ba, aske shi ake yi a kai a kai don ya yi ta fitar da sabon toho kuma hannu ya kai. Masu tsinka na tafe cikin layuka da kwanduna a baya, ganye biyu na sama da ɗan tohon da ke tsakaninsu kawai suke cira. A masana'anta ake baza shi ya yi yaushi, a niƙa, a bar iska ta mayar da shi ruwan ƙasa, sannan a busar. Koren shayi da baƙin shayi duk itace ɗaya ne, bambancin a wannan shan iskar yake. Auta ya murza ɗanyen ganye ya sansana ya ce ƙarya ne, wannan ba shayi ba ne, ba ya ƙamshin komai.

A hanyar Gembu babban ɗanmu ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran wurin nan Sardauna alhali Sakkwato na can wata uwa duniya. Tambaya ce mai kyau. Wannan yanki da can ba Nijeriya ba ne. Jamusawa ne suka mallake shi a cikin Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin amana. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen arewacin yankin amanar suka zaɓi Nijeriya, na kudanci suka zaɓi Kamaru. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Arewa, ya yi tsayin daka wajen jawo su, sai aka raɗa wa sabon lardin suna Lardin Sardauna. Lardin ya shuɗe, sunan ya rage a kan wannan ƙaramar hukuma.

Mun shiga Gembu gab da magariba. Gari ne da ya bazu a kan gangare, rufin kwano ja da tsatsa, hayaƙin girki na kwanciya a kan gidaje saboda sanyi. Can ƙasa Kogin Donga ne, inda muka hangi kwale-kwale na haye da mutane da babura. A kan wannan kogin ne aka daɗe ana alkawarin madatsar wutar lantarki ta Mambila mai megawat 3,050. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilarta ta kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin Sin, amma da muka je janareto ne ya haska mana ɗakin da muka kwana. A daren ne aka buɗe kular uwargida, kuma ba zan ɓoye ba, dambun naman ya yi daɗi da shayin Kakara mai zafi. Cikin kowa lafiya lau, ban yi jinya ba.

Wanda ke da niyya, ya bari sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba, lokacin ciyawa ba ta bushe ba kuma zaftarewar ƙasa ta yi sauƙi. Ya kai motarsa wurin bakanike a duba birki da tayoyi da lagireto, ya cika tanki tun daga ƙasa don mai ya fi tsada a sama, ya riƙe tsabar kuɗi saboda sabis na waya yakan ɗauke. Ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ya tashi, kada ya hau ko ya sauko da dare, kuma kowane yaro a sa masa rigar sanyi da safa a jaka. Guzuri a tafi da shi, amma a bar shi a but har sai an ɗanɗana na mutanen gari.